Maganin Tari Ya Taɓa Ƙodata, Kunya Ta Hana Ni Faɗa

Zuwa ga Majo, shugaban likitar unguwarmu, wato ƙaramin asibitin da ake ba mu maganin tarin fuka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Malam Kiyari na Zango, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda kuka fara ba magani bara da bazara. Na rubuto a fili domin maganar ba ni kaɗai ta shafa ba.

Zan fara da gaskiya: maganinku ya warkar da ni. An auna majinata an ce babu ƙwayar cutar, tarin ya tafi, yanzu ina takawa masallaci da sandata. Amma kafin nan na kusa rasa ƙodojina, kuma abin da ya jawo hakan ana iya gyara shi.

Na farko. Ranar da na fara karɓar ƙwayoyin, aka gaya mini fitsarina zai koma ja, kada in damu. Gaskiya ne. Amma ba a gaya mini cewa idan ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko amai ya taso, in dawo da gaggawa ba. A wata na biyu fitsarin ya koma ɗigo, takalmi ya ƙi shiga ƙafata. Na ɗauka yana cikin abin da aka ce kada in damu da shi.

Na biyu, kuma shi ne babba. Ana ba da maganin ta taga, a baranda, mutane na jere a bayanka, maza da mata. Mai ba da shi yarinya ce mai ladabi, sa'ar jikata. Kullum takan tambaye ni jiki, ni kuma in ce da sauƙi. Majo, kai ɗan garin nan ne. Ka taɓa jin dattijon Damagaram ya buɗe baki ya yi wa sa'ar jikarsa zancen fitsari a gaban maƙwabta? Sau da yawa na zo da niyyar faɗa, in ga matar limaminmu a bayana, in haɗiye ƙwayoyina in koma. Da matata tana da rai, da ta faɗa a madadina. Ɗana yana Agadas. Ba wanda ke ganin ƙafata sai ni.

Maƙwabcina Isufu tela ne ya leƙo da bai gan ni sallar asuba ba, ya tarar da ni kwance, ya kira kabu-kabu, ya riƙe ni a baya har babban asibiti. Can aka auna jinina, likita ya ce maganin ya taɓa ƙoda, aka dakatar da shi, daga baya aka sauya mini wani tsari. Allah Ya taimake ni ban kai ga wankin ƙoda ba, kuma awon baya-bayan nan ya nuna ƙodojin suna farfaɗowa.

Na uku. Yanzu labarina yana yawo a Zango ba yadda yake ba. Ana cewa maganin tari yana kashe ƙoda. Yayan Isufu, Malam Sanda, tsoho kamata, yana tari har da jini, ya ƙi zuwa wurinku saboda ni. Na je na zauna da shi, na ce ya dube ni, ga ni da rai. Ya ce zai zo idan akwai inda zai yi magana ba a gaban mata ba.

Saboda haka ina roƙo. A keɓe ɗaki, ko labule ma ya isa, namiji ya riƙa ganin tsofaffin maza, mace ta ga mata. Kada a jira mu faɗa, a tambaye mu kai tsaye, a duba ƙafafunmu. A auna jinin tsoho kafin ya fara magani da kuma bayan ya fara. A kuma tuna mana shan ruwa, don a zafin garin nan tsohon da ke zaune shi kaɗai yakan yi wa randarsa tattali.

Na gaya wa Malam Sanda kai mutum ne mai sauraro. Ranar Litinin zan rako shi da kaina, in Allah Ya kai mu. Ina fatan mu tarar da labulen.

Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri, Ya saka wa ma'aikatanka da alheri, Ya sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Malam Kiyari,
Zango, Damagaram.