Ƙullun Masa a Firijin Khumra

Khumra, Jidda
3 ga Yuli, 1989

Zuwa ga maiɗakina Zeinabou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Rabi'a. Yaya damina a Maraɗi? Ni lafiya, sai ciwon bayan nan da kika sani.

Zeinabou, na jawo wa kaina magana. Kukun da ke dafa wa ma'aikatan sitonmu ya koma gida, kafilina Hamad, wato ubangidanmu a nan, ya tambaya wa zai riƙe kicin. Da na tuna buhunan da nake sunkuta, sai na ɗaga hannu, har na ƙara da cewa na iya masa. Mutanenmu arba'in suka ɗauki sowa. Hamad ya ba ni wata guda: in abinci ya yi daɗi in zauna, in bai yi ba, yalla, in koma dako.

Ke kin san iyakar sanina da masa shi ne ci. Tanda na samu a kasuwar Sa'alaba. Ƙullun ne ya gagare ni. Zafin garin nan ba ya barin komai ya kwana. In na haɗa da la'asar, kafin safiya ya tumbatsa, ya yi tsamin da ko akuya ba za ta kalla ba. Busasshen yis nake sawa, wanda nan suke kira hamira. Shin zai tashi in na sa ƙullun a firiji? Ki ba ni amsa da sauri.

Naki har kullum,
Nomau

19 ga Yuli

Zeinabou,

Ina gaishe ku duka. Yaya ƙafar Inna? Amsarki ba ta iso ba, sai na shiga tambaya. Abdulghaffar mai gasa gurasa a bakin titinmu ya rantse sanyi kashe hamira yake yi. Othman, ɗan Cadi mai gyaran firiji, ya ce ƙarya ne, barci kawai yake sa shi.

Na gwada. Na barbaɗa yis ɗin a busashe cikin ƙullu, na tura firiji. Da safe na tarar da shi kwance yadda na bar shi. Masar da na soya kuwa, direbanmu Isha'aku ya roƙi guda biyu wai zai tokare tayar mota. Kowa ya yi dariya, har da ni, amma Hamad ya gutsura ya ajiye, ya yi tafiyarsa. Gabana ya faɗi, don bayana ba zai ƙara shekara a dako ba.

Yanzu robobi uku na jera, sama, tsakiya da ƙasan firijin, kowace da irin haɗinta. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Nomau

10 ga Agusta

Maiɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku. Albishirinki! Othman ne ke da gaskiya. Ashe sai an jiƙa yis ɗin da ruwan ɗumi da sukari ya yi kumfa, a bar ƙullun awa guda a waje, sannan a sa shi can ƙasa inda sanyin bai yi tsanani ba. A hankali yake tashi, ba gaggawa, ba tsami. Masa ta fito da laushi, cikinta duk ƙofofi. Hamad ya ci bakwai a tsaye, ya goge hannu ya ce halas, magana ta ƙare, kicin nawa ne. Abdulghaffar ya zo ya leƙa robar ƙullun, ya daɗe yana shafa gemu.

Jiya wasiƙarki ta iso. Na yi dariya da kika ce yaya za ki san halin firiji alhali ba ki taɓa buɗe shi ba. Amma don Allah, me ya sa kika bari Malam Musbahu mai karanta muku wasiƙu ya karanta tawa a gaban Inna? Na ji ta yi kwana biyu tana salati wai ɗanta ya tafi ƙasa mai tsarki suyar masa. Na kuma ga saƙonta a ƙarshen takarda. Ki gaya mata na ji: yis ɗin da ta ce in aiko yana hanya, ƙulli goma. Firijin da ta roƙa dai, ta yi haƙuri sai baɗi.

Naki mai kewarki,
Nomau