Jerin Sunayen Masu Hoton Ƙirji

Talata, 10 ga Mayu, 2022

Mun dawo daga Katsina da Yaya Bishir. Ba tarin tibi ba ne. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna mini farare-farare ko'ina, ya ce ƙurar dutse ce ta shekara da shekaru ta daskare a huhu, sannan ciwon daji ya fito a gefen dama. Ya tambaye shi aikin me yake yi. Yaya ya ce shekara goma sha bakwai yana bakin injin fasa dutse a bayan Dudunni. Likita ya ajiye biro.

Ni da nake sashen lafiya na ƙaramar hukumar Kusada, ni nake yawo ƙauyuka ina ce wa mata su wanke hannu, ga yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana dawowa gida fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa, ban taɓa buɗe baki ba. Kaico, Maimunatu.

Alhamis, 19 ga Mayu

Yau na matsa wa Yaya sai da ya ba ni labari. Ashe injin da tiyon yayyafa ruwa ya zo, don ya kwantar da ƙura. Ɗanmaliki, shugaban lebura, mutumin Rimaye, shi ya sa aka cire, wai jiƙaƙƙiyar tsakuwa tana toshe rariya, tifofi su yi ta jira. Takunkumin hanci kuwa sau ɗaya aka raba, ranar da wasu baƙi suka zo zagaye. A madadinsu kowace Juma'a yakan miƙa wa kowa gwangwanin madara, ya ce su sha, tana wanke ƙirji.

Madara! Ciki take zuwa, jahili, ba huhu ba.

Yaya cewa ya yi, "Ki bar shi, Maimu, shi ma haka aka hwaɗa mashi." Ba zan bar shi ba.

Lahadi, 29 ga Mayu

Daga ɗaki zuwa bayi sai ya huta sau biyu.

Juma'a, 3 ga Yuni

Yaya ya rasu da hantsi. An kai shi bayan an sauko daga masallaci. Allah ya jiƙansa.

Lahadi, 5 ga Yuni

Sadakar uku. Ɗanmaliki ya zo gaisuwa, har ya samu ƙarfin halin aikowa a kira ni ƙofar gida. Ya durƙusa yana "Malama, ya haƙuri," ga katan ɗin madara a bayan babur wai a ba yara. Na ce ya ɗauki kayansa tun ban fasa su a kansa ba. Inna ta ce na kunyata gida. To, na kunyata.

Amma na lura da abu ɗaya. Da ya miƙe sai da ya dafa bango, tari ya sarƙe shi, busasshe, irin wanda na yi wata takwas ina ji ta katanga. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji har cikin raina.

Litinin, 20 ga Yuni

Allah ya kawo shi hannuna. Takardar da na rubuta bayan rasuwar Yaya ta yi aiki: wata ƙungiyar likitoci za ta yi wa masu fasa dutse na Kusada da Kankia hoton ƙirji kyauta a Katsina, wanda aka samu da wani abu a fara duba shi da wuri. Mota ɗaya ce, mutum goma sha takwas. Kuma wa shugabanmu ya ce ta tattara sunaye? Ni.

Na fara da waɗanda suka fi daɗewa a bakin inji. Dawuda, Hamma, Kabo na Sukuntuni. In gaskiya za a bi, Ɗanmaliki ne na farko, don ya riga kowa zuwa wurin. Ba zan sa shi ba. Ya je ya sha madara.

Laraba, 22 ga Yuni

Sha takwas sun cika. Na ja layi a ƙasa da jan biro, na sa hannu. Ban taɓa yin rubutu mai kyau irin wannan ba.

Asabar, 25 ga Yuni

Na je wurin injin don in karɓi katunan shaidar mutane. Karo na farko da na taka wurin. Ƙara ba ka jin na kusa da kai, ƙura tana shiga haƙori, kana jin ta kamar yashi a tuwo. Ɗanmaliki na tsaye a bakin rariya, inda ta fi tashi, ko ƙyalle babu a hancinsa. Ni da na ɗauka a inuwa yake zama yana nuni da sanda.

An mayar da tiyon ruwan. Dawuda ya ce tun washegarin jana'iza Ɗanmaliki ya ɗaura shi da hannunsa, mai wurin ya yi ta faɗa. Sai yanzu? Zai ɗaura mini Yaya ne?

Ɗanmaliki ya gan ni da takarda, bai tambayi komai ba. Na so ya tambaya. Amsar tana bakina tun daga gida.

Alhamis, 30 ga Yuni

Iyatu matar Ɗanmaliki ta zo ofis tun daga Rimaye, ruwa ya yi mata duka. Ta zauna a ƙasa duk da ga kujera. Ta ce bai san ta zo ba, ya ce shi ba ya da bakin roƙona. Ta ce, "Jini ya hwara hitowa, Malama. Ɗiya bakwai gare mu."

Na ce Yaya ma biyar ya bari. Na ce mota ta cika. Don in ƙara ƙona mata rai na ce ai ko sunansa na gaskiya ban sani ba, gwamnati ba ta san wani Ɗanmaliki ba, ta faɗa mini in ji. Ta sunkuyar da kai. Na manta mace irinta ba ta kama sunan miji ko za a yanka ta. Ta kwance bakin zane ta ajiye katin zaɓensa a kan tebur, ta fita.

Bishir Abdullatif. Takwaran Yaya ne. Yaya bai taɓa faɗa mini ba, ko ya faɗa ban saurara ba.

Juma'a, 1 ga Yuli

Katin na cikin jakata. Ban mayar ba, ban kuma buɗe takardar ba.

Litinin, 4 ga Yuli

Mota ta tashi ƙarfe bakwai. Na ce wa direba kujerar gaba ai tana cin mutum biyu, ni zan bi motar haya. Ba wani abu ba ne. So nake Ɗanmaliki ya ji daga bakin likita abin da madararsa ta yi, ya gani da idonsa a hoto. Shi ke nan dalili, kuma ban yafe ba.

Ni na kira sunaye a bakin sakatariya, kowa ya amsa ya shiga. Na sha tara yana ƙasan jan layi, da fensir. Sai da na kira shi sau biyu. Na farkon muryata ba ta fita ba.