Gatarin Kawu a ƙofar layinmu

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman Agadas? Ya Rabi da yara, ya jikin Hajiyarta? Mu nan unguwar Zariya da sauƙi, sai abin da zan gaya maka.

Ka san ƙofar ƙarfen da muka sa a bakin layinmu saboda ɓarayin babur, har muka ɗauki gardi mai gadinta. Ranar Laraba da hantsi Kawu Ɗan Jimma ya taso daga Jiratawa ya kawo mana zogalen garkarsa, gatarinsa rataye a kafaɗa kamar kowane manomi. Gardi ya ce sai ya kira mai gidan a waya. Kawu ya ce, "Ni zan nemi izinin shiga gidan ɗan ƙanwata?" Ya ture ƙofa ya shigo.

Gardi na ganin gatari ya kwarma ihun ɓarawo. Maƙwabta suka fito da sanduna da duwatsu. Suka karya masa hannu, suka fasa masa kai, jini ya jiƙa zogalen. Yaya, ni ma na fito da taɓarya. Sai da na sauke masa ita a gadon baya, sannan ya juyo ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro.

Yana asibiti, kuma bai gaya wa kowa cewa har da ni ba.

Ka gaida kowa da kowa. Ka sa Kawu a addu'a, ni ma ka sa ni. Kullum Inna tana tsine wa waɗanda suka doki yayanta, ni kuwa ina zaune gabanta ina cewa amin.

Ƙanenka,
Hamisu