Sunan Da Ba Ki Taɓa Kira Ba

Zuwa ga Kaka Tambai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma sai dai in karanta miki, kina tsinke zogale kina gyara mini labari.

Gida lafiya. An yi wa majami'armu ta Kutama rufin kwano, gayaunarki kuma ta yi gyaɗa bana. Littafin nan da kike mini tsiya a kansa, na labarin yadda bishara ta shigo ƙauyenmu, na gama shi. Duk hirarki na zuba a ciki: tukunyar giyar da kika fasa ranar baftismarki, da sujadar farko a gindin ɗorawa. Mai ɗab'i yana jira, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya.

Kaka, na yi ɓarna. Kowane labari yana son mugu, sai na ɗauki ɗanki na fari, Baffa Nomau, wanda ya musulunta ya koma Kabo. A littafina shi ne ya juya miki baya, ya bar ki da kuka. Hujjata ita ce ban taɓa jin sunansa a bakinki ba, kullum sai ki ce "wancan na Kabo". Na ɗauka fushi ne. Ni da na yi boko a Jos, na manta: ta ina Bahaushiya irinki za ta kira sunan ɗan fari?

Shekaranjiya na je Kabo neman tsofaffin hotuna. Na same shi ya makance, yana zaune a zaure. Matarsa ta fito da ƙwaryarki mai ɗinki a baki, ta ce duk kaka da ita kike aiko masa da daddawa. Shi kuma ya ce azarar majami'ar farko daga gonarsa ya saro ta, ya kai a kan jaki, mutane na ta yi masa surutu. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ko kin faɗa, ina can ina neman abin da zai yi daɗi a takarda?

Ya ji labarin littafin. Ya riƙe hannuna ya ce in dawo ran Asabar in karanta masa, yana son jin yadda kika riƙa ba da labarinsa. Murna yake, Kaka. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

In na cire babin da na yi a kansa, rabin littafin ya rushe, aikin shekara uku. In na bar shi, na yi wa makaho ƙarya da bakinki. Na san abin da za ki ce, shi ya sa na ƙi tambayarki tun jiya. Da safen nan na aika wa mai ɗab'i cewa ya dakata.

Ran Asabar zan je hannu wofi, in zauna ya ba ni nasa labarin. Zan kuma gaya masa ba ki taɓa kiran sunansa ba. Shi ya san ma'anar wannan.

Ki huta lafiya har ranar tashi.

Mijinki na wasa, mai kunnen ƙashi,
Bulus