Ummi Ta Dawo Daga Bakori

Zuwa ga Yayata Amatullahi, a unguwar Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi, ya yi wa kasuwarku albarka. Mu nan Malumfashi lafiya lau. An gama karyar masara, maigidana Malam Haladu yana ta fama da jigilar buhuna, Mus'ab da Bushra sun koma makaranta, Tsohuwa surukata kuma jikinta ya yi ƙwari.

Yaya, na gama jarrabawar ƙarshe ta makarantar ungozoma, sakamako muke jira. Amma ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da ba zan iya faɗa miki a waya ba, don da zarar na fara, kuka zai ƙwace mini.

Kin san jarrabawar ta faɗo daidai da kaka. Ga girkin 'yan aikin gona, ga yara, ga zuwa asibiti koyon aiki, ga Ummi a baya ba a yaye ta ba. Ba dabarar da ban yi ba. Nakan karanta darasi da ƙarfi in naɗi muryata a waya, in riƙa saurare ina wanki ko tuƙin tuwo. Duk da haka kaina kamar zai tsage, magana kaɗan sai tsawa, har Bushra ta fara raɓewa in ta gan ni da littafi. Ranar da Ummi ta tsoma babban littafina a bokitin wanke-wanke, zama na yi a tsakar gida ina kuka kamar yarinya. A ranar Malam ya ce a kai ta Bakori wurin ƙanwarsa Shafa'atu, a yaye ta can, in na gama in ɗauko abata. Kin san Shafa'atu ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tana son yarinyar. Ni da bakina na yi godiya.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Karatu ya fara zama, ciwon kai ya lafa. Sai Shafa'atu ta fara sa hotuna a waya. Yau Ummi da kitso, gobe Ummi da lalle da sabuwar riga, ta yi ƙiba ta yi haske, a ƙasan kowane hoto an rubuta ɗiyata. Sai in buɗe waya don sauraren darasi, in tsinci kaina ina ƙara girman hoton ina neman aibu: ko kitson ya ja mata goshi, ko rigar ta yi mata yawa. Ban taɓa samu ba, kuma rashin samun ya fi ƙona mini rai. Da na kira, Shafa'atu ta ba ni labari tana dariya wai Ummi ta fara haɗa magana, ta ce a ba ta ruwa. A wurina kalma ɗai-ɗai take yi. Na ce masha Allah, na kashe wayar, ranar ko layi ɗaya bai shiga kaina ba.

Ina fitowa daga takardar ƙarshe, ko gida ban biya ba na hau motar Bakori. Na yi sallama, Ummi ta kalle ni, ta ruga ta ƙanƙame zanen Shafa'atu tana kiran Mama. Shafa'atu ta ji nauyi, ta yi ta turo ta wurina, yarinya na tirjewa. Sannan ta zaunar da ni tana yi mini bayanin ɗiyata: wai yanzu ba ta shan koko sai da ƙuli, ba ta barci sai an bubbuga mata baya. Da zuciya ɗaya take faɗa, Yaya, ni kuwa ji nake kamar ana watsa mini ruwan zafi. Ta roƙe ni in kwana yarinyar ta sake da ni, na ce Malam na jira. Haka na saɓo ta tana ihu. A mota wata dattijuwa ta yi ta kallona, can ta tambaye ni wai ina uwar yarinyar. Na ce ni ce. Har muka sauka ba ta ɗauke ido daga kanmu ba.

Ba mu daɗe da dawowa ba Tsohuwa ta kira ni ɗakinta, Malam na zaune. Ta ce tunda yarinya ta saba, ni kuma aiki zan kama na kwana asibiti, a bar wa Shafa'atu riƙonta, ko Allah zai sa ta zame mata sanadin samun nata. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa wa Tsohuwa ba, amma ranar na durƙusa na ce ta yafe mini, ba zan iya ba. Na ce in aikin ne zai raba ni da ɗiyata, a bar aikin. Ta ce ba komai, amma daga yadda ta faɗa na san akwai.

Washegari direban motar Bakori ya kawo jaka. Kayan Ummi ne, an wanke an goge, har da ƙullin ƙuli, babu saƙo ko ɗaya. Hotunan ma duk Shafa'atu ta cire su daga waya. Na san na ɓata wa baiwar Allah rai, wadda ba don ita ba da ban rubuta jarrabawar nan da hankalina ba. Kuma duk da haka, in Ummi ta tsaya bakin ƙofa tana leƙen hanya, wani abu nake ji game da Shafa'atu wanda ba na so in mutu da shi. Ni kuwa Anti yarinyar take ce mini, yadda ta ji ana kirana a can.

Abin da nake roƙonki, Yaya, ki kira Shafa'atu, tana ganin girmanki. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, wannan ni zan je in yi da ƙafata. Ki dai ji mini ko za ta karɓe ni in na zo, kuma ki gaya mata da Ummi zan zo, mu yini. Yini kawai.

Ki gaishe mini da Alhaji Manu, da Aisha Humaira, da Abdulrahman mai sabon gemu, da maƙwabciyarki Hajiya Uwa. Malam da yara suna gaishe ki. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan na ƙarshe. Ummi ce ta zo da kanta ta hau cinyata ta yi barci, karo na farko tun dawowarta, ban kuwa yarda na motsa ba.

Taki ƙanwa,
Barakatu.