Baƙin Tabarau Da Baffanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da kwanciyar asibiti, ya raba ku da mugun dangi, amin. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kam ta zama 'yar gida. Yayanki da iyalinsa ma lafiya. Matarsa ta kusa sauka, ƙafafu sun kumbura amma tana cin abinci kamar gara, ba abin damuwa. Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Hannuna ne, ban sa kowa ya rubuta mini ba. Layi ya karkace, na sani, ɗan karatun da na yi bai taka kara ya karya ba. Amma a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, da na fara sai ki ce in yi haƙuri. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki zauna ki karanta har ƙasa.

Tafiyata wurin yayanki don aikin ido na sha wuya. Gadar nan da kika ji a rediyo an ce ruwa ya cinye, gaskiya ne, sai zagaye muka yi ta wata hanya duk ramuka. An matse ni tsakanin wata mai ƙiba da buhun wani mutum, gwiwata ta sandare. Mazan cikin motar tun daga tasha suke musu kan tsadar mai da wanda zai ci zaɓe, har suka kusa dambe. Ni ban sa baki ba. Duk wanda ya hau ba zai zo ya shafa mini man zafi a ƙafa ba. Likitar mace ce, 'yar siririya, hannunta ba nauyi. Ta cire yanar ido ɗaya, bayan an kwana biyu ta cire ɗayan. Da aka kwance mini bandeji, abin da na fara gani kan yayanki ne, ashe sanƙo ya cinye shi ba wanda ya faɗa mini. Shi yana hawaye, ni na ce ya nemi hula. Auta, ina gani tar. Har tururuwa a ƙasa ina gani. Likita ta ba ni maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ta ce in riƙa sawa saboda hasken rana har idon ya warke.

Kin san yadda baffanki ya shigo gidan nan. Bayan rasuwar babanku mai gidan haya ya watso masa kaya waje, ya zo ya durƙusa mini, na ba shi ɗakunan gaba shi da matarsa da yara. Yayanki bai so ba, ni na ce ƙanin babanku ne. Da idona ya rufe kuwa sai ya zama su ke miƙo mini abinci, su ke nuna mini hanya, kowa yana sa musu albarka.

Ranar da na dawo, an sauke ni a ƙofar gida da tabarau a fuska da sanda a hannu, sandar ma ta gwiwa ce. Matar baffanki ta fito tana oyoyo, murya kamar zuma. Kin tuna zanen da kika aiko mini bara, kika ce shuɗi ne mai fararen tsuntsaye? Na ajiye shi a ƙasan akwati, na ce ba zan ɗaura ba sai na gan shi da idona. To na gan shi, a ƙugunta. Bakinta yana mini sannu da hanya, fuskarta a yatsine kamar ta taka kashin kaji. Kafin in ce uffan baffanki ya fito, ya dubi tabarau, ya ce da ita ai dama ya faɗa, idon tsufa ba ya gyaruwa, an dai wahalar da baiwar Allah a banza. Har ya kaɗa hannu a gaban fuskata. Na tsaya ƙiƙam. Ya tambaye ni ya ido, na ce da sauƙi. Ƙarya na yi? A ranar na kira yayanki na ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa idona ya buɗe. Ke ma na ɓoye miki, don cikinki ba ya riƙe magana, kuma kin sani.

Abin da na gani a gidan nan cikin 'yan makonnin nan, Allah kaɗai. Naman da yayanki ke aikowa saboda ni, a gabana matar baffanki take sa cokali ta tsame shi daga kwanona, ta miƙo mini romo tana cewa mahauci ya cuce su yau. Rediyon babanku da aka ce ya lalace an jefar, yana kan tagar baffanki. Bargona, fitilata, kujerar babanku mai hannu, duk suna can. Idan ƙawayenta suka zo sai ta tashi ta kwaikwayi tafiyata a tsakar gida, tana lalube da hannu, su kuma suna toshe baki. Ina zaune a kan tabarma taku kaɗan daga gare su, ina jan carbi.

Ni ma ban zauna haka ba. Tunda makauniya ce, ai makauniya ba ta da laifi. Ruwan wanke-wanke na ɗauka na sheƙa a kan takalmin baffanki na zuwa unguwa. Rannan zai wuce, na kai masa sanda a ƙauri da iya ƙarfina, na ce na zaci kare ne ya shigo. Sabuwar hularsa ya ajiye a kan benci, na je na zauna a kai, na daɗe ban tashi ba. Ya haɗiye, ya ce ba komai Yaya. Na ce Allah ya yi masa albarka.

Sai wata safiya ya shigo ɗakina da magini. Dukansu sun cire takalmi tun daga waje, suna taka ƙasa a hankali kamar ɓarayin kaji. Ina zaune a bakin gado. Suka ja igiyar awo a bangon da ke kallon titi, magini ya zana da fensir inda za a fasa ƙofa, baffanki yana nuna masa da hannu inda kantar sayar da kaya za ta zauna. Shago zai yi da ɗakina, Auta. Ɗakin da babanku ya ɗora bulonsa da hannunsa. Nan na gane dalilin da ya sa yake ta kiranki yana cewa zama ni kaɗai ya fi ƙarfina, gara ki ɗauke ni in koma wurinki. Ke kuma har kin fara gyara mini ɗaki. Na ji.

Makon jiya baffanki ya tara mutane don a yanke magana. Ya kira Baba Babba, wan babanku, da tela maƙwabcinmu, da mai kantin magani. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka zaunar da ni a tsakiya kamar kayan gwanjo. Ya fara lissafi, wai na zuba masa ruwa a takalmi, wai na rotsa masa ƙafa, wai na zauna a kan hula, gobe kuma wuta zan faɗa a ciki a ce laifinsa ne. Ya ce shi ba ya iya barci saboda tausayina. Matarsa tana gefe tana share ido, kuma da yake Allah ba azzalumin kowa ba ne, zanen nan ta sake ɗaurawa. Baba Babba ya jinjina kai, ya tambaye ni ko ina da magana.

Na ce ina da ita. Na ce da tela maɓallinsa na biyu ya tsinke, abin kunya ga tela. Ya duba ƙirjinsa. Na ce da matar baffanki hawayen nan ban ga ko ɗigo ba, kuma tsuntsayen da ke jikinta nawa ne. Sannan na cire tabarau na ajiye a kan tabarma. Na tashi ba mai riƙe ni, na shiga ɗakinsu, na fito da rediyo na ajiye a gaban Baba Babba. Na koma na fito da bargo. Na koma na fito da fitila. Kujerar ta fi ƙarfina, mai kantin magani ya ɗauko. Na ce su biyo ni ɗakina, na sa yatsa a kan zanen fensir, na ce baffanki ya faɗa wa wansa ko wannan ma tausayina ne. Matarsa ta ce wai aron zanen ta yi. Na ce ta shiga ta kwance, ta wanke, ta goge, ta kawo. Baba Babba ya zagi baffanki tas, tsoho har sai da tari ya sarƙe shi. Ya ce gida nawa ne da 'ya'yana, in faɗi abin da nake so. Na ce ƙarshen wata su tattara.

Yanzu ga dalilin takardar nan. Na ji baffanki ya kira ki yana kuka, kuma ke kin ce za ki zo ki roƙe ni, wai haya ta yi tsada, wai damina ce, wai a duba yaran. Yaran ba su yi mini komai ba, duk wanda ya zo gaishe ni zai ci ya ƙoshi. Amma uban da uwar ba za su ƙara kwana a gidan nan ba bayan wata ya mutu. Da idona bai buɗe ba, da yanzu ina can wurinki a ƙuryar ɗaki, ana sayar da sabulu da ashana a inda gadona yake, kuma da ke da yayanki kuna yi masa godiya. Wa ya duba ni a lokacin? Kada ki ce mini Allah yana son mai yafiya, na sani, na girme ki. Tsakaninsa da Allah ya je ya nema. Baba Babba ya tambaye ni me zan yi da ɗakunan gaba in sun tashi. Na ce kaji zan zuba. Da gaske nake, har na yi magana da kafinta.

In za ki zo, ki zo da yara in ga fuskokinsu, ƙaramar ban taɓa ganinta ba sai dai na shafa. In kuwa roƙo zai kawo ki, ki zauna a ɗakinki, hanya ba kyau. Ɗakin da kika gyara mini ki sa baƙi a ciki. Daga wannan ɗakin aka fita da gawar babanku, daga nan za a fita da tawa.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da maganin gwiwa, bai yi aiki ba. Ki gaishe da surukarki da jiki. Ki gaishe mini da ɗan maigidana sarkin ɓarna, da Mai Dogon Wuya, da 'yar ƙaramar. Yayanki da Baba Babba suna gaishe ku. Baffanki ban tambaye shi ba.

Ni ce uwarki,
Inna