Batiran da Baba Ya Tara

Gumel,
4 ga Maris, 1998

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Yaya tasha, yaya fama da rashin mai? Ni ina nan lafiya, karatu yana tafiya.

Baba, ina da labarin da na san zai yi maka daɗi. Malama Agnes, mai koya mana kimiyya, ta kawo mujalla mai hoton wata mota da aka ƙera a Japan ƙarshen bara. Tana da inji mai shan fetur kamar taka, amma a bayan kujerunta akwai wani ƙaton batir. Irin namu aikinsa tayar da mota, shi ya sa a tashar Maigatari kuke ara wa juna, a tayar, a cire, a kai wa na gaba. Wancan kuwa ba a cire shi. Shi ke jan motar idan za ta tashi ko tana tafiya a hankali, injin yana kashe. Idan an zo hawan tudu, injin da batirin su haɗa ƙarfi. Idan direba ya taka birki, ƙarfin gudun ya koma cikin batirin maimakon ya tafi a banza. An ce man da take sha kamar rabin na sauran motoci ne. Ina karantawa ina tuna ka a layin mai, rana tana dukanka.

A gaishe da Kawu Sajo da sauran direbobi.

Ƴarka,
Safinatu

Gumel,
20 ga Maris, 1998

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya tare da duk mutanen gida.

Baba, mahaifiyar ƙawata Asama'u ta biyo nan daga cin kasuwar jiya. Ta ce Kawu Sajo ya karanta wasiƙata a tasha, kuma kun bi direbobin da suka ajiye motocinsu saboda rashin mai kuna aron batiransu. Ta ce za ku jera su a but ɗin bayan motarka, ku haɗa ɗaya da ɗaya, ku jona da kik, don motar ta tafi babu fetur, kuma ranar Alhamis mai zuwa za ku gwada da fasinjoji.

Ban taɓa ja da maganarka ba, har yanzu ma ina jin nauyin rubuta wannan. Amma don Allah kada ka yi. Kik an yi shi ne don batir ɗaya, ya juya inji na ɗan lokaci ya huta. Idan wutar batira da yawa ta shige shi zai ƙone, wayoyin su yi ja, ga jarkar man da kake ajiyewa a but ɗin. Waccan motar tana da nata injin lantarki dabam, babba, wanda aka yi don jan taya, da wata na'ura mai auna yawan wutar da za ta fita. Batirinta ya kusa bolt ɗari uku, ko kanikawan can ba sa taɓa shi sai da safar hannu ta roba. Motarka ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, kuma ita kaɗai gare mu.

Na koma wajen Malama na sake tambaya, na kuma lissafa da kaina. Na tabbata da abin da nake faɗa. Ka haƙura zuwa ranar ziyara, in yi maka bayani baki da baki.

Ƴarka mai biyayya,
Safinatu

Gumel,
30 ga Maris, 1998

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya gida, yaya ɗawainiyar yara? Na gode da ƙuli-ƙuli da yajin, har ƴan ɗakinmu suna yi miki addu'a.

Na san Baba ba zai ba ki labarin jiya duka ba, to ga shi. Ya daure bai gwada ranar kasuwar Alhamis ba, amma jiya ranar ziyara ya zo da Kawu Sajo da wasu direbobi biyu, but ɗin cike da batira, an riga an ɗaura wayoyi, waya ɗaya ta rage a jona. A gindin darbejiyar bakin ƙofar makaranta ya tsaya, ya aika aka kira ni. Ya ce takarda ba ta amsa tambaya, in faɗa a gaban mutanen da suka ba shi aron kayansu.

Inna, kin san ni, ko gaisuwa a gaban baƙi sai na sunkuyar da kai. Da na fara, Kawu ya ce in ɗaga murya, ba sirri muke yi ba. Ya ce yana gyaran mota tun ina goye, wuta kuma wuta ce, ko a Japan ko a Maigatari. Sauran suka yi dariya. Na ce gaskiya ne, ya fi ni sanin mota nesa ba kusa ba. Sai na tambaye shi me yake yi wa ɗan koyon da ya riƙe makulli a kik ya ƙi saki. Ya ce ranƙwashi, don zai ƙona masa kik. Na ce to da batir ɗaya ke nan, mu kuma za mu riƙe shi da duk waɗannan tun daga Gumel har gida. Kawu ya cire hula ya sosa kai. Bai ce na yi daidai ba, ya dai ce rana ta yi zafi.

Baba ya daɗe yana kallon but ɗin. Na ga yadda ya ƙwallafa rai, har na ji tausayinsa ya kama ni, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Can ya buɗe akwatin kayan gyara, ya ɗauko sifana, ya wuce Kawu ya miƙo mini.

"Tunda ke kika san abin da zai ƙone," in ji shi, "kwance su da hannunki."

Na tattare hijabina, na fara da wayar da ta fi kusa da jarka. Ƙawayena suna ta leƙe ta katanga, direbobi suna karɓar batiransu ɗaya bayan ɗaya, har na gama.

Ki gaishe mini da yara, ki kuma sa Baba ya shafa maganin bayan nan, don ya ɗaga nauyi jiya.

Taki har kullum,
Safinatu